Ɗan Arewa, Talon ko ɗan Sudan: wane doki ne zai jure zafin Sakkwato?

Yawancin masu sayen doki na farko a Sakkwato suna shiga kasuwa ne da hawan Sallah a zuciya, alhali dokin zai yi rayuwarsa ce a bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ciyawa ta ƙone, harawa ta yi tsada, doki kuma yana iya shan lita 40 na ruwa a yini ko fiye. Wannan lokacin ne ya kamata ya zaɓa maka doki, ba kyan wuya ko tsawon gashin wutsiya ba.

Ɗan Arewa shi ne dokin da ƙasar nan ta sani. Bai cika tsayi ba, ƙirjinsa ba shi da faɗi sosai, amma kofatonsa na da tauri, kuma yana riƙe jiki da ingirici da harawar wake da ɗan dawa ko gero da dusa. Irinsa ne ke shigowa daga Nijar ta Illela, wasu kuma daga ƙauyukan da ke kewaye da mu. Idan abin da kake so kilisa ce da yamma da hawa in sha'ani ya taso, ni dai ban ga dalilin da zai sa ka wuce shi ba. Ko ya kwanta ciwo, masu doki na unguwa sun san halinsa, kuma abincinsa ba sai an yi odarsa daga wani gari ba.

Ɗan Sudan kuwa dogo ne, yana da zafin gudu, shi ya sa 'yan sukuwa ke rububinsa. Yana cika ido a ƙarƙashin sirdi. Sai dai cinsa ya fi yawa, kuma da zarar an rage masa hatsi na ɗan lokaci za ka fara ƙirga haƙarƙarinsa. Talon, wato ruwa-biyu, yana tsakani: ya fi ɗan Arewa tsayi da gudu, ya fi ɗan Sudan haƙuri. Matsalar ita ce duk dokin da ya ɗan yi tsawo, dillali zai ce maka, "Ranka ya daɗe, Talon ne tsantsa." Ka tambayi ubansa da uwarsa da hannun wanda ya fito. Dawakan Ajantina da ake gani a filayen folo, wato ƙwallon dawaki, na Kaduna da Katsina ba na mai turke ɗaya a bayan gida ba ne.

Inda za ka ɗaure shi ma yana cikin cinikin. Fadamar Rima tana jan hankali: ga ruwa, ga ɗanyar ciyawa ko da rani, musamman inda ake noman rani da ruwan madatsar Goronyo. Amma da damina wurin na tara sauro da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba, waɗanda ke yaɗa cutar nan ta dawaki mai kumbura kai da toshe numfashi, wadda ta fi kashe baƙon doki fiye da ɗan gida. Ga kaska, ga laka mai ruɓar da kofato. A tudu cikin gari ka tsira daga yawancin wannan, sai dai za ka sayi kowane dami da kowace jarka. Mai hali yakan yi barga a tudu, ya riƙa yanko ciyawa daga fadama. Rumfar kuma ta zana da kara ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba. In kwanon ya zama dole, a ɗaga shi sama sosai iska ta ratsa.

Ranar ciniki kada ka yarda a nuna maka doki da sanyin safiya kawai. Ka sa a hau shi da hantsi, a ɗan sukwane shi, sannan ka tsaya kusa da hancinsa ka ga yaushe numfashinsa zai lafa. Wanda jikinsa ya bushe ƙamas bayan gudu, babu gumi ko a wuya, ka bar shi, zafin nan zai kayar da shi. Ka sa a sauke sirdi da jalala ka shafa gadon bayansa, domin a nan ake ɓoye miki. Ka ɗaga ƙafafun huɗu ɗaya bayan ɗaya ka duba tsagewar da hunturu ke yi wa kofato, ka buɗe baki ka ga haƙora. In dokin mai tsada ne, kuɗin da za ka ba likitan dabbobi ya duba shi ba asara ba ne, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari.

Kafin ka biya la'ada, ka tabbata harawarka tana kan rumfa. Da kaka ake sayenta, lokacin da manoma ke roron wake, a jibge wadda za ta kai ka faɗuwar ruwa a watan Yuni.