Ganin likita ta waya ya yi mana rana, amma bai raba mu da layin asibiti ba

Duk mai jinyar tsoho mai hawan jini ko ciwon suga, ina ba shi shawarar ya gwada manhajar ganin likita ta bidiyo. Ni da ita nake kula da mahaifiyata tun da likitan da ya saba duba ta a asibitin gwamnati ya samu aiki a Saudiyya. Bayan tafiyarsa kowace ranar asibiti sabuwar fuska muke tararwa, a sake ɗauko labari daga farko, a sallame mu cikin gaggawa saboda jama'a na jira a waje.

Tsarin manhajar ba wuya. Ka yi rajista, ka ɗora hoton sakamakon gwaji, ka zaɓi likita da lokaci, ka biya. Kowane likita akwai lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, a ƙarƙashin sunansa, abin da ya kwantar min da hankali. Masu jin Hausa ne ba su da yawa, sai da na yi ta dubawa kafin na samu wata likita da Hajiya za ta yi wa bayani da bakinta.

Wannan baiwar Allah ta san aikinta. A ganin farko ta ce, "Hajiya, a kawo min ledar magungunanki gaba ɗaya." Na riƙa ɗaga kowane kwali gaban kyamara tana karantawa. Can sai ta ce in tsaya, in haɗa kwalaye biyu wuri guda. Ashe duka maganin hawan jini guda ne, amlodipine, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, likitoci biyu suka rubuta a lokuta daban-daban, Hajiya kuma tana shan duka. Kumburin ƙafa da jirin da muka yi ta fama da su, nan suka samo asali. Aka tsayar da ɗaya, ƙafa ta saɓe.

Sai dai akwai inda abin ke ba da haushi. Idan sabis ya yanke, lokacinka na ci gaba da tafiya, kuma dawo da kuɗi sai ka yi ta bibiya. Dole ne ka mallaki na'urar awon jini da ta suga a gida, in ba haka ba hira kawai za ku yi. Ranar da gyambo ya fito wa Hajiya a yatsan ƙafa kuwa, likitar ba ta ɓoye mana ba: "Wannan sai an taɓa da hannu, a kai ta asibiti yau." Muka koma layin nan dai, likita guda da marasa lafiya cike da baranda.

Shi ya sa nake jin zafi idan ana maganar fasaha kamar ita za ta cike gurbin waɗanda suka tafi. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne. A watan Agustan shekarar Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, an kuma ƙara gurbin ɗalibai a makarantun likitanci. Madalla. Amma ƙudurin da aka kawo majalisar wakilai a 2023, na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, ban taɓa ganin hikimarsa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana karɓar naira 5,000 a matsayin alawus na haɗarin aiki, wanda ya ga an sace abokiyar aikinsa likitar ido a Kaduna a Disamba 2023 ta yi wata goma hannun 'yan bindiga, ba doka ce za ta zaunar da shi ba. A biya shi haƙƙinsa kan kari, a ba shi wuta da kayan aiki, a tsare masa ransa.

Likitarmu ma daga ɗakin hutun masu aikin dare take amsa kiranmu, idanunta jajir, wani lokaci ta ce mu yi haƙuri an kira ta ɗakin haihuwa. Ta faɗa min tana karatun jarrabawar PLAB ta zuwa Ingila. Ban ga laifinta ba, na yi mata addu'a, amma raina ya sosu.

Idan za ku yi amfani da irin wannan manhaja, ku nemi likita ɗaya ku tsaya a kansa, ku riƙa rubuta awon jini a littafi safe da yamma, kuma ku ajiye hoton kowace takardar magani a wayarku, domin wanda zai karɓe ku gaba ya samu inda zai ɗora.