Gargaɗi ga masu mota: ana sayar da tsohon fanbel a cikin sabon kwali

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu mota, musamman masu Corolla da Camry da Accord irin na 2003 zuwa 2006, ku karanta wannan har ƙarshe. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma saura ƙiris in rasa injin motata.

Motata Corolla ce ta 2006. Kullum da safe in na tayar da ita sai ta yi wani kuka mai tsini, in na kunna esi ya ƙaru. Na kai ta wani gareji, bakaniken ya ɗaga bonet, ya saurara, ya ce: "Alhaji, fanbel ya mutu. Kuma tunda an buɗe, gara a canza taimin bel gaba ɗaya, kar ya tsinke maka a hanya." Taimin bel shi ne bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na inji. Na ce to. Ya aiki yaronsa wani shago, aka kawo bel baƙi wul yana ƙyalli, a cikin kwalin sanannen kamfani. Na biya kuɗin bel biyu da na aiki, na tafi masallaci, na dawo na tarar an rufe bonet, kukan ya ɗauke.

Kwana 9 bayan nan muna hanyar Zariya da iyalina, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan, sai fitilar batir ta kama. Kafin in gama kallonta sitiyari ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, allurar zafi ta fara hawa. Allah ya taimake ni na gangara gefe na kashe motar nan take. Da na buɗe bonet, bel ɗin ya yage gida-gida, zarensa ya nannaɗe a jikin fuli, wato ƙarfen da bel ke juyawa a kansa. Yara na baya suna kuka, rana tana dukanmu.

Ga dalilin da ya sa abubuwa uku suka lalace a lokaci guda. A wannan injin, bel guda ɗaya ne ke juya altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, da kwamfresar esi, da famfon da ke zagaya ruwa tsakanin inji da lagireto. In ya tsinke ruwa ya tsaya cik, cikin 'yan mintuna inji ya ɗauki zafi. Wanda ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, shi ne zai ƙona tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, wani lokaci ma kan silinda ya lanƙwashe. A nan kuɗin gyara sai ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Wani dattijon bakanike da ke bakin hanya ne ya zo ya cece mu. Ya ɗauki guntun bel ɗin ya murza da farin tsumma, tsumman ya yi baƙi da maiƙo. Ya lanƙwasa shi ta baya ya nuna min yashi da ya maƙale a cikin ramukan, haƙoran kuma sun side. Ya ce: "Yallaɓai, wannan ya yi shekaru a jikin wata motar. Wanke shi aka yi, aka shafa mai." Rubutun da ke bayansa ma an goge, lamba ko ɗaya ba ta karantuwa. Kwalin ne kaɗai na gaskiya. Ashe akwai masu bi gareji-gareji suna tattara kwalayen da aka jefar, su zura tsohon kaya ko jabu a ciki.

Da na ce masa ai har taimin bel an canza min, sai ya yi shiru ya dube ni. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ ba ta da taimin bel, sarƙa gare ta a cikin inji. Haka Camry mai injin 2AZ, haka Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007. Wato na biya kuɗin abin da babu shi a motata kwata-kwata. Wannan ya fi ƙona min rai fiye da bel ɗin, domin ido cikin ido bakaniken farko ya faɗa min, yana kirana Alhaji. Amma kar wani ya ɗauka kowace mota haka take. Peugeot 406 da Golf 3 mai silinda huɗu da Camry ta 1997 zuwa 2001 duk suna da taimin bel na gaske, kuma wajibi ne a canza shi a kan lokaci. Kowa ya san irin injin da ke motarsa.

Dattijon ya kuma gano asalin kukan. Tenshona, wato abin da ke matse bel ɗin, ita ce ta saki, ba ta riƙe shi da ƙarfi. Ko da sabon bel aka sa, kukan zai dawo. Man da aka shafa shi ya rufe bakin ƙarar na 'yan kwanaki, alhali baƙin mai cinye roba yake, ya sa ta kumbura ta yi laushi.

Yanzu ni da kaina nake zuwa sayen bel, kuma ba na biya sai na zare shi daga kwali. A bayan kowane bel na kirki akwai sunan kamfani da lamba a buge raɗau, misali 6PK1880: 6 ɗin yawan haƙora ne, 1880 kuma tsawonsa a milimita. Lambar da ke jikin bel dole ta zama ɗaya da ta kwali, kuma ta dace da motarka. Ku ƙirga haƙoran, domin akwai masu ɗora mai 5 a kan fuli mai rami 6 su ce ai duk ɗaya ne. Sabon bel busasshe ne, ba ya ƙyalli, ba ya barin maiƙo a hannu, gefensa babu zare a waje. Kuma kar a ruɗe ku da cewa "duba, babu tsaga ko ɗaya". Robar da ake yin na zamani da ita ba ta cika tsagewa ba, sidewa take yi a hankali, don haka tsoho yana iya wucewa a matsayin sabo ga wanda bai lura ba. Gates da Bando da Mitsuboshi da Dayco kamfanoni ne masu kaya nagari, shi ya sa ma macuta suke fakewa da kwalayensu.

Ku tsaya a kan motarku har a gama ɗaurawa, ku sa a juya tenshona da sauran fuli da hannu ku ji ko suna gurnani, sannan ku karɓi duk abin da aka cire ku jefa a but. Da na nemi tsohon taimin bel ɗina tun ranar, da asirin bakaniken farko ya tonu a take.

Na koma garejin da yagaggen bel ɗin a leda, na kai ƙara wurin shugaban makanikan wurin. A gabansa bakaniken ya amsa cewa bai taɓa komai a cikin injin ba, ya dawo min da kuɗin taimin bel. Maganar tsohon bel kuwa ya ɗora wa mai shago, mai shago ya rantse haka aka kawo masa. Shagon yana nan a buɗe, kwalayen suna rataye a ƙofa.