Ƙarfen kariya na Hard Dog a motar Mazda Miata: ingancinsa da wahalar ɗaura shi

Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata, ƙaramar mota ce mai kujera biyu da rufin tamfol. Samfurinta biyu na farko, NA na 1989 zuwa 1997 da NB da ya biyo baya har 2005, ba su da komai a bayan kan direba. In motar ta kife, ƙarfen gilashin gaba ne kaɗai zai tokare ƙasa, kuma bai isa ba. Shi ya sa yawancin masu shirya tsere a Amurka ba sa barin irin wannan mota ta shiga fili sai da ƙarfen kariya.

Na kamfanin Hard Dog da ke jihar North Carolina yana cikin waɗanda aka fi sani, musamman samfurin Hard Core. Bututun ƙarfe ne mai faɗin inci 1.75, an lanƙwasa shi kamar baka a bayan kujeru, da ƙafafu biyu da suka tokare shi ta baya, sai ƙarfe ɗaya ko biyu da suka gitta tsakiya. Ƙira ce mai kyau, kuma ya yi nisa da ƙarafan ado masu walƙiya da ake ɗaurawa a noti biyu. Waɗancan kan lanƙwashe a haɗari, wani lokaci ma su faɗo wa mai motar.

Ana cewa ɗaurawa kawai ake yi da noti, ba walda. Gaskiya ne, amma kada wannan ya ruɗi kowa: akwai huji, akwai yankan ƙarfe. Mutum biyu za su ci kusan yini guda. Da farko a cire kan batir, wanda ke cikin but. A fitar da kujeru, kowace noti huɗu ne, a yaye kafet ɗin baya da robobin gefe, a kwance notin bel. Sai a ɗaga motar, a ɗora ta a kan madogarai masu ƙarfi, kada a bar ta a kan jak kaɗai, a cire tayoyin baya. Akwai siririn ƙarfe a dandamalin bayan kujera da sai an datse shi kafin ƙafafun baya su sauka wurinsu.

Wurin hujin ne aikin ya fi ɓaci. Tankin mai yana nan bayan kujeru, bututun mai da wayoyin lantarki suna bi ta gefensa. Kafin a taɓa injin huji, a leƙa ta ƙasa da tocila, a sa hannu a laluba bayan duk wurin da za a huda. Yanka kuma gara a yi da almakashin ƙarfe, don injin yanka yana fesa tartsatsi kusa da mai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure notin sama tamau tun da wuri, sai ramukan ƙasa su ƙi haɗuwa. A saka kowane noti sako-sako, a yi amfani da ramukan ƙarfen a matsayin ma'auni, a huda rami ɗaya a zura noti kafin a huda na gaba, a matse su duka a ƙarshe. Farantan ƙarfen da ke shiga ta ƙasa, ta ramin taya, su ne ƙashin bayan aikin. Jikin motar siriri ne, in babu su noti zai yage shi ya fita. Kowane rami a shafa masa fenti da man toshe ruwa, in ba haka ba tsatsa za ta fara daga nan.

Yana da nasa cikas. Kujera ba za ta kwanta baya kamar da ba, dogon mutum zai ji matsi. Ƙarfen da ya gitta yana shiga madubin tsakiya. Kuma kafin a saya dole a tabbatar samfurin ya dace da rufin motar, domin na taga mai gilashi da na roba ba hanya ɗaya suke naɗewa ba, rufi mai ƙarfi ma tsayinsa daban.

Bayan an gama, direba ya zauna da hular kwano, a ɗora sanda daga saman gilashin gaba zuwa saman ƙarfen. Dole hular ta kasance ƙasa da sandar, ƙungiyar tseren motoci ta Amurka, SCCA, ma tana neman ƙarfen ya ɗara hula da inci 2. In hular ba ta sauka ƙasa da sandar ba, a rage soson kujera ko a sauya ta. Duk inda kai zai iya bugawa a naɗe shi da soso mai tauri da ya cika ma'aunin ingancin kayan tsere na SFI 45.1. Soson da ake naɗe bututun ruwa da shi yana lotsewa nan take, kuma a kan titi, inda ba a sa hula, bugu ɗaya daga baya ya isa ya haɗa ƙeya da ƙarfe.