Ruwan Lagireto a Jidda da Yadda Muka Saba a Kano

Assalamu alaikum Baffa, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da yaran gareji. Kun nemi in ba ku labarin yadda gyaran manyan motoci yake a nan Jidda, kuma na ga ya fi kyau in ɗauki aiki guda ɗaya in bayyana shi sosai, wato canza gaskit ɗin kan inji, shimfiɗar nan da ke tsakanin kan injin da jikinsa don hana ruwa da mai yoyo, wanda Larabawan nan suke kira wajhur ras.

Garejinmu yana cikin Sana'iyya, unguwar da aka ware wa masu gyara da masu sayar da kayan gyara. Babban bakanikenmu Bahaushe ne haifaffen Mai Wurno a Sudan, jikan mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma Hausarsa tana nan daram, sai dai Larabci ya ɗan shige ta. A makona na biyu aka jawo mana wata Isuzu da ta yi zafi a hanyar Riyad, tana fitar da farin hayaƙi, baƙin manta ya koma kamar shayi da madara, alamun gaskit ɗin ya lalace. Da inji ya huce, sai na cire tiyon ƙasa na lagireto kamar yadda muka saba, ruwa ya kwarara, na ɗauki sifana zan fara kwance kusoshin kai. Dattijon ya riƙe hannuna, ya ce, “Ɗana, lagireto ka zubar, injin yana nan da ruwansa.” Ya sa babban faranti, ya kwance wata kusa a gefen jikin injin, sai ga ruwa yana ta zuba har na ji kunya. Da na ɗaga kan injin a haka, da ruwan nan ya gangara cikin silinda da ramukan kusoshi da hanyoyin mai. Wanda ya kwanta a ramin kusa shi ya fi haɗari, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma idan aka ɗaure kusa a kansa, ko dai ma'aunin ɗauri ya yi ƙarya ko jikin injin ya tsage.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cewa a nan ruwan lagireto haja ne da ake saye a jarka, kore ko ja, kuma ba a gauraya iri biyu sai an duba abin da kamfanin motar ya ce. Rabinsa tataccen ruwa ne, rabinsa sinadarin etilin gilaikol tare da magungunan hana tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, wannan haɗin kuwa sai wajen 107, kuma idan murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata, yana iya wuce 120 bai tafasa ba. Motar da za ta ɗauki kaya daga tashar jiragen ruwa ta Jidda ta hau tsaunukan Ɗa'ifa da rani, sannan ta nufi Riyad, tafiyar kusan kilomita 950, tana bukatar wannan ratar. Mu a gida ruwan rijiya ko na 'yan garuwa muke ɗurawa, ga shi da gishiri da laka, shi ya sa duk injin da muka buɗe sai mu tarar da hanyoyin ruwansa sun yi ja sun toshe. Na tuna yawan gaskit ɗin da muka canza muna zagin kamfani, alhali laifin na ruwan ne, da kuma al'adarmu ta cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, mu jefar.

Tsohon ruwan ma ba a barinsa ya malala a ƙasa. Muna tara shi a durom dabam da na baƙin mai, domin yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne mai lalata ƙoda, ga kyanwoyi sun cika Sana'iyya. Ku da awaki suke ratsa gareji, idan kuka fara amfani da irin wannan ruwan jarka, sai a kula.

Wajen kayan gyara, mai shago lambar shasi yake tambaya, ya duba kwamfuta, sannan ya ce akwai asli, wato na kamfani, akwai tijari mai rahusa. Jabu yana nan kamar ko'ina, amma yawanci ana gaya wa mutum abin da yake saya. Farashi kuma ba ya tsalle kowane mako, saboda tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce. Tsofaffin kaya sai a je tashlih, makabartar motocinsu, wadda ba ta fi kasuwarmu ta Ƙofar Ruwa a Kano komai ba sai faɗi.

Shi kan injin, bayan an kwance kusoshinsa daga gefe zuwa tsakiya, makharaɗa ake kai shi, wato shagon masu injin goge ƙarfe, a gwada ko ya tsage, a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna lanƙwasarsa, a goge idan da hali. Wajen mayarwa daga tsakiya ake fara ɗauri, mataki-mataki, da sifana mai ma'auni. A nan ne nake ganin sun fi mu. Amma a gyaran abin da ya lalace, Baffa, hannunku ya fi nasu nesa ba kusa ba, domin lagireton da za ku like da dalma ya ƙara shekaru, a nan jefar da shi ake yi, tunda kuɗin aiki ya kusa kuɗin sabo.

Na sayi sifana mai ma'auni guda ɗaya, zan ba wani maƙwabcinmu da ya zo Umara ya kawo muku. Idan an gama aiki da ita, a mayar da ma'aunin ƙasa kafin a ajiye, kuma don Allah kada yara su yi amfani da ita wajen kwance kusa. A gaida Inna da kowa da kowa.