Shanyar darduma ta kai ni wurin zaɓen unguwa a Texas

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambaya ko na sayi gida a Amurka, e, Allah ya nufa, a wata unguwa a bayan garin Houston. Abin da ban gaya muku ba shi ne, a irin waɗannan unguwanni gida da shugabanninsa ake sayar maka. Ranar da ka sa hannu a takarda, ranar ka zama ɗan ƙungiyar masu gidaje, wadda suke kira HOA, ko kana so ko ba ka so. Mutum sama da miliyan 70 ne ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasar nan.

Bayan babbar salla maiɗakina ta wanke dardumar falo, ta shanya a kan shingen katakon gefen gida. Ba a daɗe ba sai ga wasiƙa daga kamfanin da ƙungiya ta ɗauka yana kula da unguwa. Na buɗe, sai ga hoton gidana mai kala, dardumar na reto, har da rana da ƙarfe nawa aka ɗauka. Wai an hango daga titi abin da ke ɓata kyan unguwa, a janye, in an maimaita akwai tara. Wallahi ranar tuwon dare bai shiga ba. Mutum ya tsaya a ƙofar gidana, ya saita kyamara, ya koma mota, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba! A Gwammaja da yaro za a aiko: "Wai in ji Baba, a ɗan matsar da shanya," a haɗa da gaisuwa, magana ta mutu.

Da wannan haushin na tafi taron jin manufofin 'yan takarar kwamitin ƙungiyar, a ɗakin taron da ke gefen wurin ninƙaya. Kujera biyu ake nema, 'yan takara huɗu, kuma aikin ba shi da albashi ko na sisi.

Na farko wani dattijo ne, akanta mai ritaya. Bai yi wa kowa daɗin baki ba: in an zaɓe shi zai nemi a ƙara kuɗin shekara. Ya haska jadawali a bango, injin wurin ninƙaya saura shekara kaza, rufin ɗakin taro saura kaza, ga abin da ke asusun ajiya, ga giɓin. Ya tuna mana guguwar Beryl ta watan Yulin 2024, da ta kayar da shingaye a ko'ina, aka rasa kuɗin gyara sai da aka ɗora wa kowa karo-karon gaggawa. Ku ji fa, ɗan takara na neman ƙuri'a da alƙawarin zai ƙara tatsar mu. Kuma aka tafa masa.

Sai wata ma'aikaciyar jinya ta miƙe da kayan aikinta a jiki. Ita ba ta yarda a ƙara ko dala ɗaya ba sai an sake duba kwangiloli: mai yanke ciyawa, mai kula da wurin ninƙaya, har kamfanin da ya aiko min wasiƙa, kowanne a nemi farashi daga wurare uku. Kuma wasiƙar farko ta zama tunatarwa, ba barazana ba. Nan na ce a raina, baiwar Allah kin gama da ƙuri'ata. Na uku, wani matashi, kyamarori masu karanta lambar mota yake so a ƙofar shiga, da hana ba da hayar gidaje ta 'yan kwanaki ga baƙi ta manhajar Airbnb. Na huɗu ya ci lokacinsa kan filin wasan yara, ban riƙe komai ba.

Na ɗaga hannu na tambaya a kan shanya. Akantan ya amsa da fara'a cewa kwamiti ba shi da ikon taɓa wannan, yana cikin takardar sharuɗɗan unguwa, kuma sauya ta sai kashi 67 cikin 100 na masu gidaje sun yarda. To, an ji.

Abin da ya fi tsaya min a rai wata tsohuwa ce da ta tsare shugaba mai barin gado: me ya sa kuɗin shuka furanni a ƙofar unguwa ya haura na bara? Bai ce mata "kin san ko ni wane ne" ba. Ya buɗe kwamfuta, ya nuna mata ranar da aka yanke shawarar da waɗanda suka amince. Ba kirkinsa ne kaɗai ba, doka ce. Babi na 209 na dokar kadarori ta Texas ya ba mai gida damar duba littattafan kuɗin ƙungiya da halartar zaman kwamiti. Ɗan takara ko ɗan uwansa na jini ba ya ƙirga ƙuri'a. In ba ka gamsu da sakamako ba, kana da kwana 15 ka nemi a sake ƙirgawa, ka biya kuɗin aikin, in sakamakon ya sauya a mayar maka.

Ina zaune ina tuna kuɗin tiransifoma. Sau nawa aka bi mu gida-gida, na 'yan sintiri, na yashe kwata, na gyaran rijiyar burtsatse? Wa ya taɓa ganin lissafi a rubuce? Shugaban kwamitin unguwa tun kana yaro shi ne, babu wanda ya zaɓe shi, babu ranar sauka. Ka tambaya a ce ba ka da kunya, kana zargin dattijo. Sai mu yi shiru a gabansa, mu koma majalisa da dare mu yi ta cin namansa. Tambayar lissafi ba cin mutunci ba ce, jama'a.

Kada dai ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Waɗannan ƙungiyoyin suna iya sayar da gidanka in ka ƙi biyan kuɗin shekara. A 2001, a nan Houston, an yi gwanjon gidan wata tsohuwa mai shekara 82 a kan dala 5,000, saboda bashin da asalinsa bai kai dala 900 ba. Sai da gari ya ɗauka kafin aka mayar mata. Daga baya an tsaurara doka: yanzu sai an bi ta kotu, kuma tara kaɗai ba ta isa a sayar da gida. Duk da haka, in na ga ambulan ɗinsu a akwatin wasiƙa gabana sai ya faɗi.

Ga kuma abin takaici: rabin kujerun ɗakin babu kowa. 'Yan Najeriya muna da yawa a unguwar, a zaurenmu na WhatsApp kullum kukan tara ake yi, amma a taron ban ga ko ɗaya ba. Halin dai mun taho da shi a jaka.

Akantan da ma'aikaciyar jinyar ne suka ci. Tun zaman farko suka fara ja-in-ja a kan ƙarin kuɗin, an ɗage maganar zuwa wata mai zuwa, bayan an karɓi farashin masu yanke ciyawa.