Atamfa a kan teburin walima: inda ta dace da inda ta gaza

Masu shirya walimar gida a Abuja da yawa sun koma sayen turmin atamfa a Kasuwar Wuse su ɗinka kayan tebur da kansu, maimakon farin kyallen haya da kowa ya gaji da gani. Ra'ayinmu a kai shi ne: atamfa ta yi wa kyallen goge hannu da siririyar shimfiɗar tsakiyar tebur, amma ba ta yi wa babbar shimfiɗa ba.

Matsalar faɗi ce. Turmi yadi 6 ne, faɗinsa bai cika wuce inci 45 zuwa 46 ba. Teburin mutum shida kuwa yakan kai inci 72 a tsawo, 36 a faɗi. Idan ana so kyallen ya zubo inci 9 ta kowane gefe, a kuma bar inci ɗaya na kalmasa, sai an sami faɗin inci 56 da tsawon inci 92. Atamfa ba ta kai ba, dole a yi haɗi. Wasu kan haɗa falle biyu a tsakiya, sai ɗinkin ya faɗo daidai inda ake ajiye kofi da kwanon miya, kofi ya riƙa karkata, zanen ma da wuya ya haɗu baki da baki. In ya zama dole, a bar falle guda a tsakiya, a tsaga na biyu a ɗinka ta gefe da gefe. Amma abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi yadin auduga marar zane mai faɗin inci 60, yadi 3, a yi babbar shimfiɗar da shi, atamfar ta hau kai ta yi ado.

A nan ne turmin yake biyan kuɗinsa. Ana yanka kyallen hannu inci 20 kan 20, biyu a jere a faɗin atamfar, don haka guda takwas suna cin inci 80, yadi biyu da ɗan ƙari. Abin da ya rage ya isa shimfiɗar tsakiya mai faɗin inci 16, har da ragowar da za a yi wa tiren shayi.

Sai dai ba kowace atamfa ba. Mai roba tana da arha da sheƙi, amma ba ta shan ruwa: baƙo ya goge hannu bayan tuwo da miyar kuka, maiƙon ya tsaya a yatsunsa. A zare zare biyu daga bakin yadin a ƙona. Auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. A kuma jiƙa farin ƙyalle a goga a kan ja ko shuɗin zanen. In launi ya fito, to tana zuba, kuma wadda ke zuba ba a ɗora ta kan farar shimfiɗa. Shadda ma ba mu ba da shawararta ba, domin ƙyallinta na tafiya da wanki, ga tsada.

Kada almakashi ya taɓa yadin sai an wanke shi. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kuma sitacin da ke jikin sabuwar atamfa yana hana ta tsotsar ruwa. Takardar tambarin da ke manne a jiki, a ɗora mata dutsen guga mai ɗumi kafin a ɓare, in ba haka ba gam ɗin ya zauna ya riƙa kama ƙurar hunturu. Bayan wanki, a yi wa yadin guga tun da sauran danshi, sannan a auna.

Kalmasa ita ke nuna aikin gwani. A ninke rabin inci, a danne da guga, a sake ninkewa, a danne. A kusurwa a datse ɗan tsinin a karkace kafin ninki na biyu, don kada yadi ya taru har allura ta yi tsalle ko ta karye. Allura mai lamba 14 ta isa. Idan ɗinkin na tattarewa, yawanci zaren sama ne ya yi tauri, a sassauta shi, kuma kada a ja yadin da hannu, a bar keken ya ja da kansa. Mai kai wa tela ya faɗa masa ƙarara cewa kalmasa mai ninki biyu yake so, don wasu kan bi bakin da zare sau ɗaya su miƙo, wanki kaɗan ya fara zarewa.

Tabon manja kuma a ɗiga masa sabulun wanke-wanke a daren, a wanke da ruwan ɗumi kafin guga ta taɓa shi, domin zafin guga kafe tabo yake. A shanya atamfar a inuwa, ranar Abuja tana koɗar da launi da wuri.