Kwamfutar Baba ta tashi, amma muryarsa ta tafi

Shekara 6 kwamfutar nan ta yi a ɗakin marigayi Baba a unguwar Birni ta Zinder, lulluɓe da tsohon zane. Dell OptiPlex 780 ce, irin ta biro mai ƙaton akwati, da Windows 7 a kanta. Duk wanda ya gan ta sai ya ce in kai wa masu sayen ƙarfe, tunda an daina sabunta Windows 7 tun Janairun 2020. Zuciyata ba ta yarda ba. Sai wata abokiyar aikina a lakwal ta yi mini kwatancen wani saurayi mai gyara a wajajen kasuwar Dole. Na ɗora akwatin a kabu-kabu na kai masa.

Gaskiya yaron ya san aikinsa. Da ya buɗe ta, ƙurar hunturu shida ce a ciki, fanka ma ba ta juyawa. Ya hure ta tas, ya canja ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogo, ya ƙara mata RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, daga giga 2 zuwa 4, ya sa SSD, sabon faifan ajiya mai sauri, mai giga 128. Ya ce, "Malama, Windows 11 ba za ta hau wannan ba, Windows 10 kuwa ita ma an daina sabunta ta tun Oktoban 2025. Ki bari in sa miki Linux Mint, kyauta ce kuma ba ta da nauyi." Na amince. Abin da a da sai ka kunna ka je ka dama fura ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne Kiwix. Wata manhaja ce da ke ajiye Wikipedia gaba ɗaya a cikin kwamfuta, a yi ta karatu ba tare da intanet ba. Ya zuba ta Faransanci da ta Hausa, ya haɗa da Vikidia ta yara. Babbar ƴata mai shirin jarrabawar BEPC ta daina aron wayata tana cinye mini forfen intanet. Daren farko sunan Tanimun, tsohon Sarkin Damagaram, ta rubuta, ta zauna tana karanta tarihin Damagaram, da yadda Zinder ta kasance babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Ƙanenta kuma ya samu GCompris yana lissafi da koyon haruffa. Ni ma da LibreOffice nake buga tambayoyin ɗalibaina. Matsalar wuta ce kawai: ba ta da batiri kamar ta hannu, ana ɗauke wuta ta mutu, abin da ba ka ajiye ba ya tafi. Wannan na san da shi tun farko, ban ɗora wa kowa laifi ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce kowa ya garzaya wurinsa. Amma akwai abin da har yanzu in na tuna sai barci ya ƙaurace mini.

A shekarunsa na ƙarshe Baba yakan zauna bayan la'asar da ƴar makirfo yana ɗaukar muryarsa. Asalin gidanmu yake faɗa, wa ya haifi wa, yadda kakanmu ya zo da fatauci daga Kano ya zauna a Zango kafin a koma Birni, sunayen gonaki da iyakokinsu. Fiye da zama 30 ya yi. Duka suna cikin tsohon faifan kwamfutar. Ranar da na kai ta, sau uku na ce masa, "Ƙanena, don girman Allah kada ka taɓa abin da ke cikin tsohon faifan nan, amanar mahaifina ce." Ya ce, "Kada ki damu Malama, sai na kwafe komai tukuna."

Ashe faifan a rabe yake gida biyu, C da D. Ya kwafe takardun da ke C, bai ko leƙa D ba, inda muryoyin da hotuna suke. Wikipedia ta Faransanci mai hotuna tana cin gomman giga, shi kuma yana so ya rage wa SSD nauyi, sai ya goge tsohon faifan baki ɗaya ya zuba ta a kai. Bai kira ni ba, alhali lambata tana rubuce a jikin akwatin. Bai kuma faɗa mini ba ranar da na je ɗauka. Sai bayan sati biyu, da gwaggona ta zo daga Mirriya tana so ta ji muryar yayanta, na nema na rasa. A gabanta na yi ta buɗe wannan ina rufe wancan, tana zaune ta zuba mini ido.

Washegari na koma. Da farko cewa ya yi wai babu komai a D ɗin. Wannan maganar ta fi gogewar yi mini ciwo. Da ya ga hawayena sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Ki yafe mini Malama, ban duba ba." Ya cire faifan ya kwana biyu yana bin sa da wata manhaja mai suna PhotoRec, wadda ke tono abin da aka goge muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. Hotuna da dama sun dawo, ba suna ba tsari, lambobi kawai. Muryoyin kuwa 4 aka samu, ɗaya ma rabi ce, tana yankewa daidai inda Baba ya fara lissafa ƴaƴan kakarmu. Sauran Wikipedia ta hau kansu.

Ya ƙi karɓar kuɗin wannan aikin, har ya ce zai mai do mini jikka 5 daga na farko. Ban karɓa ba, me zan yi da su? Hannunsa yana da kyau, farashinsa ba zalunci, kuma yaran gidan nan kullum suna gaban kwamfutar suna ƙaruwa. Amma ni dai ba zan sake miƙa masa abin da ke da ajiya a ciki ba. Wadda za ta kai masa tata, ta tsaya a kansa ya kwafe C da D a kile, ɗan abin ajiyar nan na USB, a gabanta, ta buɗe ta ji da kunnenta kafin ta bar shagon.

Tsohon faifan yana cikin akwatin kayana, naɗe a zanen da ya lulluɓe kwamfutar. Muryoyi huɗun nan na kwafe su wuri uku, na aika wa gwaggo nata Mirriya.